Hanyar Kano zuwa Gujungu: me zai hana ciyamominmu su zauna a kanta?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka taɓa aiki a ƙaramar hukuma. Ku ɗauki hanyar nan da ta fito daga Kano ta bi ta Gezawa da Gabasawa, ta shigo Jigawa ta Ringim da Taura, ta isa Gujungu inda mai zuwa Gumel da mai zuwa Haɗeja suke rabuwa. Kwalta ɗaya ce, motocin da ke binta su ne dai kullum, amma kowane gari da yadda yake mu'amala da ita. Wani ya cika ta da tudun rage gudu, wani ya bar kasuwa ta hau kanta, wani ya mai da ita wurin shanya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To me zai hana ciyamomin da hanyar ta ratsa ƙasarsu su zauna su fitar da tsari guda? Doka ce ta ɗaure musu hannu, ko me?

Direban Sharon:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka sosa mana inda yake ƙaiƙayi. Maganar tudun nan ita ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Akwai ƙauyen da za ka tarar an jera su kamar kunyoyin dankali, babu fenti, babu allo, kuma ba tsayinsu ɗaya ba. Wani da siminti aka yi shi, wani jar ƙasa ce aka zuba aka daddale, wani kuwa gungumen itace ne kawai aka gicciye. Mu da muke bin hanyar kullum mun haddace su. Baƙon direba fa? Ko wanda aka yi jiya da yamma, ka biyo da asuba cikin hazo ba ka san da shi ba? Sai dai ka ji ƙasan mota ya daka, salansa ta fice, in kuma ka taka birki da ƙarfi na bayanka ya hau ka.

Maman Sadiq:
Malam direba, Allah ya huci zuciyarka, amma ka tambayi abin da ya sa ake yin su. A garinmu firamare tana ƙetaren titi, famfon tuƙa-tuƙa ma yana can. Yaro ɗan aji biyu zai tsallaka da safe, ya tsallako a tashi, ya sake tsallakawa da jarka. Ranar da mota ta kwashe wata yarinya da tulun ruwa a kai, washegari mata suka zuba kuɗin adashinsu aka sayo siminti, samari suka kwaɓa. Kafin nan dattawa sun kai takarda sakatariya, aka ce musu hanyar ba ta ƙaramar hukuma ba ce, su yi haƙuri. To mun yi abin da muka iya. Ba mu iya fenti mai ƙyalli ba, ba mu san awon da ake yi ba, mun dai san tun da aka yi shi motoci suna lafawa.

Direban Sharon:
Hajiya ban ce kada a yi ba. Ni ma ina da 'ya'ya. Cewa na yi a yi shi yadda za a gan shi.

Tsohon Kansila:
Bari in shigo, tunda Baban Amira ya kira sunanmu. Amsar da aka ba su Maman Sadiq rabinta gaskiya ce. Hanyoyi a Nijeriya kashi uku ne: na gwamnatin tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Manyan da ke haɗa jiha da jiha galibi na tarayya ne, hukumar FERMA ke facinsu. Jigawa tana da JIRMA, Kano tana da KARMA, don nasu. Ciyaman ba shi da hurumin fasa kwaltar da ba tasa ba ko ya ɗora mata tudu ba tare da izinin mai ita ba.

Amma ɗaya rabin shi ne ba a son faɗa. Ku buɗe kundin tsarin mulki na 1999, Jadawali na Huɗu, inda aka lissafa aikin ƙaramar hukuma. Kasuwa tata ce. Tashar mota tata ce. Fitilun titi da magudanan ruwa suna ciki. Lasisin keke, da amalanke, da baro, da kwalekwale, duk nata ne. Yanzu ku faɗa mini, a ƙauyukanmu me ke haddasa haɗari in ba waɗannan ba? Kwaltar ba tamu ba ce, na yarda, amma kusan duk abin da ke hawa kanta daga gefe a hannunmu yake.

Kuma bari in gaya muku dalilin da kasuwa ke cin titi, don na ga yadda ake yi. Sau da yawa wani ake ba wa aikin tara harajin kasuwa, a yanka masa abin da zai kawo kowane mako, abin da ya ɗoru nasa ne. A wurinsa kowane tiren goro da kowane baron rake da aka kafa a bakin kwalta rasit ne. Zai kore su? Shi ma ɗan kamasho ya fi son a yi lodi a bakin titi inda fasinja ke sauka, ba a cikin tasha ba. Ranar da ciyaman ya ce a ja da baya taku ashirin, kafin la'asar an kai ƙararsa gidan jam'iyya.

Baban Amira:
Honarabul, Allah ya ƙara girma. To yanzu da kuɗi ke zuwa kai tsaye fa?

Tsohon Kansila:
Ƙanena, hukuncin kotu daban, ganin kuɗi a asusu daban. Sashe na 162 da ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yana nan a cikin kundin, shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja kan yadda za a aiwatar. Amma ni ban ma yarda kuɗi ne matsalar ba. Matsar da kasuwa baya, nawa zai ci?

Injiniya:
Ina goyon bayan Honarabul, sai dai in ƙara lissafi kaɗan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga yaro, ƙwaƙwalwarsa ta aika wa ƙafa saƙo, ya riga ya shafe wannan tazarar ko fiye, birki bai ma fara kamawa ba. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu. Dokar hanya ta ƙasa ta ce cikin gari ƙaramar mota kada ta wuce 50, tirela da tanka 45. A babbar hanyar da ba tagwaye ba, ƙaramar mota 80, tirela da tanka 50. Wa ya taɓa ganin tirela tana tafiya a 50 tsakanin Ringim da Gujungu in ba lalacewa ta yi ba?

Shi tudu yana da awo. Wanda aka yi daidai tsayinsa ba ya wuce santimita 10, faɗinsa kuma mita 3 zuwa 4, ya tashi a hankali ya sauka a hankali, a shafa masa fenti, a kafa allo tun daga nesa. Irin wannan mota za ta rage gudu ta haye lafiya. Wanda ake yi a ƙauye siriri ne mai tsini, shi ya sa direbobi ke kauce masa su sauka gefen hanya, daidai inda masu talla da yara suke tsaye. Abin da zaman ciyamomi zai amfana a nan shi ne su nemi izini a dunƙule daga masu hanyar, a fitar da awo ɗaya, a zaɓi wurare: gaban makaranta, kasuwa, asibiti, masallacin Juma'a. Sauran a fasa su.

Maman Sadiq:
A fasa bayan an yi sabon, Injiniya. Ba kafin ba.

Injiniya:
Na karɓa, Hajiya.

Ɗan Acaɓa:
Ni fa duk wannan magana tsoro take ba ni. Ku yi mini afuwa iyayena. Duk ranar da aka ce ƙaramar hukuma ta shigo harkar titi, abin da muke gani shi ne samari da riga mai ƙyalli da katako mai ƙusoshi. Ka biya sitika a nan, ka wuce iyaka a ce wannan ba tamu ba ce, sayi tamu. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013 yawancinmu ƙauye muka dawo, abin da muke samu bai taka kara ya karya ba. In ciyamomi huɗu suka haɗa kai, ina jin tsoron shinge ne zai ƙaru, ba lafiya ba.

Direban Sharon:
Wallahi yaron nan ya faɗi gaskiya.

Tsohon Kansila:
Tsoronka yana kan hanya, ɗana. Amma ka riƙe wannan: akwai dokar haraji ta 1998 da ta lissafa abin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, kuma ta hana kowa kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Ana take ta, amma haka ta ce. Ni da za a yi zaman, abu na farko da zan sa a takarda shi ne babu tara, babu sitika, babu shinge. Kamun mai laifin tuƙi aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ne, wadda aka kafa tun 1988, da 'yan sanda da VIO, a Kano kuma ga KAROTA. Namu shi ne gyara gefen hanya. In aka cusa kuɗin shiga a ciki, an kashe maganar tun ba ta tashi ba.

Manomin Riɗi:
Na ga an ambaci shanya an wuce, to ni mai shanya ne, bari in kare kaina. Da kaka in ka yanke shinkafa ko ka tsinke barkono, ina za ka baza? A ƙasa ya kwashi yashi, ɗan kasuwa ya karya maka farashi. Kwalta ce kaɗai wuri mai tsabta mai zafi. Mun san ba daidai ba ne, mun san duwatsun da muke jerawa don kare shanyar su ma haɗari ne ga mai babur da dare. A zuba mana daɓen siminti a bayan gari, ko da kowace mazaɓa guda, ku ga ko za mu ƙara hawa titi.

Injiniya:
Wannan ita ce irin shawarar da nake so. Ga ta amalanke kuma. Bayan magariba shanu biyu na jan amalanke cike da kara, babu fitila, babu komai a baya, direba ba ya ganinta sai ya iso. Tunda lasisinta na ƙaramar hukuma ne, me zai hana a maƙala mata ƙyalle mai ƙyalli a baya kyauta? Amma sai an yi shi a duk ƙananan hukumomin tare, don amalanken wannan gari kasuwar wancan gari take ci.

Malamin Firamare:
Ku yi haƙuri in kai mu Majiya, don a ganina duk wanda zai yi maganar hanyar nan daga can ya kamata ya fara. Daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin, a ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malala, jama'a suka taru, wuta ta tashi. Kwanakin farko ana cewa sama da mutum 150, daga baya adadin ya haura 200. Tsakanin faɗuwar motar da tashin wutar akwai lokaci. Wannan lokacin nake so mu duba. Wa ke da alhakin kore mutane a irin wannan sa'a a ƙauye? 'Yan sanda kaɗan ne, taron ya fi ƙarfinsu. Wanda jama'a ke jin muryarsa cikin dare shi ne mai unguwa, da liman in ya kunna lasifikar masallaci, da 'yan sintiri. Duk waɗannan ƙaramar hukuma da masarauta ke iya tsara su tun kafin abu ya faru.

Ɗan Acaɓa:
Malam, talauci ne. A lokacin litar mai ta haura naira 1,000. Mutum yana ganin jarka ɗaya ta fi abin da zai samu a mako.

Malamin Firamare:
Ban musa ba. Amma ba kowa ne ya je da jarka ba, akwai wanda kallo ya kai shi, akwai wanda ya je janyo ɗansa. Kuma ka duba, wata uku kacal bayan Majiya aka sake yin irinta a Dikko ta jihar Neja, cikin Janairun 2025, alhali babu wanda bai ji labarin Majiya ba. Wato jin labari a rediyo bai isa ba. Sai an sami mutane takamaimai a kowane gari da ke bakin hanya, waɗanda aka koya wa cewa in tanka ta faɗi a ja igiya nesa, a kashe injin babur, kada a kusanto da wuta ko sigari, a tare motoci tun daga nesa ta ɓangarorin biyu. Kuma tare motocin nan sai garin gaba da na baya sun sani, ga inda haɗin kan ya shigo.

Maman Sadiq:
Allah ya jiƙansu da rahama. Akwai gidan da aka rasa mutum fiye da ɗaya.

Baban Amira:
Amin ya Allah.

Malamar Asibiti:
Amin. Ni ta ɓangarena zan yi magana, don mu ake kawo wa. Abin da ke kashe mutane da yawa ba bugun farko ba ne, abin da ke biyo baya ne. A ciccibi mai karayar wuya a naɗe shi a bayan a-kori-kura, kai na lilo. A ɗura wa wanda ya suma ruwa. A shafa wa mai ƙuna ɗanyen ƙwai ko man goge baki, alhali ruwa mai tsabta ake so a yi ta kwarara masa kamar minti 20. Waɗanda ke fara isa wurin haɗari su ne 'yan acaɓa da direbobi da masu shayi na bakin hanya. Horon yini ɗaya zai canja abubuwa da yawa, kuma sashen lafiya na ƙaramar hukuma yana da ma'aikatan da za su iya ba da shi.

Na biyu, mutane na tsoron ɗaukar wanda ya ji rauni kada a riƙe su da tambayoyi, ko a ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. A faɗa wa jama'a wannan a masallatai. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122 ce, kyauta, kowa ya adana.

Na uku shi ne wanda ya shafi tambayar Baban Amira kai tsaye. Motar ɗaukar marasa lafiya takan tsaya a iyakar ƙaramar hukumarta, saboda tambayar farko ita ce wa zai zuba mai. Haɗari kuwa zai iya faruwa a ƙasar wannan, alhali asibitin da ya fi kusa yana ƙasar waccan, wani lokaci ma a wata jihar. A daren Majiya an rarraba mutane zuwa Ringim da Haɗeja, masu tsanani aka wuce da su gaba har Kano. In da yarjejeniya a rubuce cewa motar da ta fi kusa ita ke fita, a daidaita kuɗin mai a ƙarshen wata, da an rage ihu bayan hari.

Direban Sharon:
Malama, in za a yi horon nan a zo tasha, kada a ce mu je sakatariya. Ranar da ba kasuwa, da hantsi, za ki samu kowa a zaune.

Malamar Asibiti:
Ku ma sai ku rage gaba biyu baya huɗu da mutum a but.

Direban Sharon:
Wannan kuma sai mu yi maganar kuɗin mai da balas ɗin mai mota, zancen zai yi tsawo. Amma tunda an zo nan, a tambayi masu tirela ma. Ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, ku tsaya bakin hanya da yamma ku ga tirelolin shanu, mutane zaune a saman katako. Juma'a kuma Wudil. Ranakun nan sanannu ne, ba sa canjawa. In jami'ai ba su da yawa, a tura su inda kasuwa ke ci a ranar, maimakon kowa ya tsaya a garinsu yana jiran tsautsayi. An ce tun 2017 ake tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. A fara da manyan.

Alhaji Mai Hatsi:
Ina karantawa tun ɗazu. Shawarwari sun yi kyau, amma wa zai kira taron? Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, kowane ciyaman yana kallon gidan gwamnatin jiharsa. Na Gabasawa ba zai amsa kiran na Ringim ba, ba don ƙiyayya ba, don babu wanda ke gaba da wani. In kuma jam'iyya ta bambanta, shi ke nan.

Tsohon Kansila:
Alhaji, ranka ya daɗe, tambayar ke nan. Ni a ganina kada a fara da tsallaka jiha. Ringim da Taura duk a ƙarƙashin masarautar Ringim suke, tare da Garki da Ɓaɓura. Hakimansu suna haɗuwa a fada. Kowace ƙaramar hukuma kuma tana da zaman kwamitin tsaro, inda ciyaman da DPO da hakimi ke zama. A sa maganar hanya a ajandar wannan zaman, a gayyato shugaban direbobi da sarkin kasuwa da jami'in kiyaye haɗurra na yankin. In biyu suka fara aka ga kasuwa ta ja baya, tudu ya sami fenti, sai a nemi na Kano ta hannun ƙungiyar ciyamomi, ALGON.

Alhaji Mai Hatsi:
Sarkin kasuwa zai yarda in an ba shi fili. In aka ce mu ja baya ba a nuna mana inda za mu sauke buhu ba, mako biyu za mu dawo. Kuma a yi hanyar da mota za ta shiga ta yi lodi a ciki, ko ta burji ce, don da damina babbar mota ba za ta shiga taɓo ba.

Malamin Firamare:
Akwai kuma 'yan sa-kai da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke ɗauka, masu taimaka mata ba albashi. Malamai irinmu za mu iya shiga, ko don tsallakar da yara safe da rana.

Ɗan Acaɓa:
In dai ba za a ba su rasit ba, na yarda.

Baban Amira:
To ga abin da nake gani. Zan rubuta takarda gajera, shafi ɗaya, in turo nan ku gyara. Injiniya, ka ba ni awon tudun a rubuce. Malama, ki ba ni abin da horon zai ƙunsa. Honarabul, wa za a fara kai wa, ciyaman ko hakimi?

Tsohon Kansila:
Hakimi, ta hannun dagatai, a ba ciyaman da kansilan ayyuka kwafi a rana ɗaya don kada wani ya ce an tsallake shi. Ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Kuma ku kai kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi, in ba haka ba za a ce babu shi a kasafi. Kada ku cika buƙatu. Ku zaɓi uku.

Manomin Riɗi:
Daɓen shanya ya shiga cikin ukun, don Allah.

Maman Sadiq:
Gaban makaranta ne farko. Sauran biyun ku yi ta faɗa a kansu.

Malamar Asibiti:
Horon ba sai an jira takarda ba. Malam direba, ka yi wa shugaban tasharku magana, ka turo mini ranar da ta dace ta akwatin sirri. Ku tanadi tabarma biyu da tsohon ƙyauren ƙofa, da shi zan nuna muku yadda ake ɗaukar mai karayar baya.